Filin Koyon Aiki: Haɗa kwamfuta da telebijin don kallon silima

An gama girbi, an kai gero rumbu. Yanzu ne samari da yawa ke komowa daga Maradi, Damagaram, Yamai ko Kano, wani da kwamfuta ta ɗauka a hannu, wani da telebijin mai faɗi. Burinsu a haɗa biyun, mutanen gida su kalli silima tangaran a babban gilashi. Sau da yawa kuwa ana kashe kuɗin gyaɗa ko na wake, a komo gida, hoto ya ƙi fita, ko ya fito babu murya. Filin wannan wata zai bayyana yadda aikin yake, don kada kuɗin kaka su tafi a banza.

Kallon taro ba baƙon abu ba ne a Nijar. Tun 1964 aka soma koyar da yaran lakkwal ta telebijin. Bayan an buɗe Tele Sahel a ƙarshen shekarun 1970, an kai akwatuna ƙauyuka da dama, wasu na aiki da hasken rana, jama'a na taruwa da dare. Kayan yanzu sun sake kama, sai an san su.

Mene ne hoto mai tsabta?

Hoton telebijin ɗige-ɗige ne ƙanana jere da juna. Kamar saƙar zane yake: in zare ya yi yawa kuma ya matsu, zane ya yi kyau. Faifan DVD yana da ɗigo 720 a kwance, 576 a tsaye, jimla 414.720. Hoton da ake kira HD yana da 1280 da 720. Wanda ake kira Full HD yana da 1920 da 1080, jimla 2.073.600, watau ninkin na DVD har sau biyar. Akwai kuma 4K, mai ninka Full HD sau huɗu.

Abu huɗu ne ke haɗuwa su ba da hoto: silimar kanta, kwamfuta, waya, da telebijin. In ɗaya ya gaza, sauran ukun ba za su rufa masa asiri ba. Silimar da aka kwafo daga tsohon faifan VCD, mai ɗigo 352 da 288, ko an sa ta a telebijin mafi tsada, dishi-dishi za ta fito. Girman gilashi ma ƙara tona ta yake yi.

A duba kafofi kafin a tafi kasuwa

Aikin farko ba ya cin ko dala. A juya telebijin a duba bayanta, a duba gefen kwamfuta, a ga irin kafofin da ke jikinsu.

Kafar HDMI siririya ce mai faɗi, kusurwoyinta biyu a daddatse. Ta shigo kasuwa a 2003. Waya ɗaya ce ke ɗaukar hoto da murya tare. In kwamfuta da telebijin duk suna da ita, aiki ya yi sauƙi.

Kafar VGA yawanci shuɗiya ce, da ramuka 15 a jeri uku. Kamfanin IBM ne ya fito da ita a 1987. Hoto kaɗai take ɗauka. Mai amfani da ita sai ya nemi waya ta biyu, daga inda ake sa abin saurare na kunne zuwa telebijin ko lasifika.

Kafofin nan uku masu zagaye, rawaya da ja da fari, na tsohuwar telebijin ne mai ƙaton baya. Akwai ɗan akwati da ke juya HDMI ya koma irinsu. Hoto zai fito, amma ba zai taɓa zama HD ba, ko mai kanti ya rantse.

Sababbin kwamfutoci wasu ba su da komi sai ƙaramar kafar USB-C. Wata tana fitar da hoto, wata ba ta yi. Mai irin wannan ya ɗauki kwamfutarsa ya kai kanti, a gwada a gabansa kafin ya biya.

Wayar HDMI mai mita 2 ko 3 ta isa. Mai tsada ba ta fi mai matsakaicin kuɗi kyan hoto ba, muddin dukansu lafiyayyu ne. In ta wuce mita 10 ne hoto kan soma yankewa.

Yadda ake haɗawa

Da farko a kashe kwamfuta da telebijin, sannan a sa waya. Kada a tura da ƙarfi. In ta ƙi shiga, a juya ta.

Na biyu, a kunna telebijin. A ɗauki abin canza tasha, a danna inda aka rubuta Source ko Input, a zaɓi lambar kafar da aka sa wayar, HDMI 1 ko HDMI 2. Nan ne mutane da yawa ke kuskure. Waya na HDMI 2, telebijin na jiran HDMI 1, sai a ce kaya sun lalace.

Na uku, a kunna kwamfuta. In mai Windows ce, a riƙe maɓallin da ke da hoton taga, a danna harafin P. In da Faransanci take aiki, za a ga Dupliquer, watau abin da ke kwamfuta shi ne zai fito a telebijin. Akwai kuma zaɓin da ke kashe gilashin kwamfuta ya bar na telebijin kaɗai. Shi ya fi dacewa da kallo, yana kuma rage cin batir.

Na huɗu, in murya ta ci gaba da fita daga kwamfuta, a danna hoton lasifika da ke ƙasa wajen dama, a zaɓi sunan telebijin.

In mutane sun fito dogaye ko gajeru fiye da kima, a shiga tsarin hoto na telebijin a zaɓi 16:9. In silima ta ƙi buɗewa, a nemi VLC. Ɗaliban wata makarantar injiniyoyi ta Faransa ne suka soma shi a 1996, kyauta ake ba da shi, yana kuma buɗe kusan kowace irin silima.

Nisan zama

Ga abin da mai kanti ba zai faɗa ba. Ido yana da iyaka. A telebijin mai inci 32, watau santimita 81 daga kusurwa zuwa kusurwa, sai wanda ya zauna kusa, kamar mita ɗaya da rabi, zai ga bambancin 720 da 1080. A tsakar gida kuwa, inda yara ke gaba, manya na baya da mita 3 ko 4, babu mai rarrabe su. Telebijin masu inci 32 da yawa ma ɗigonsu 1366 da 768 ne kawai. Saboda haka mai irin wannan ya nemi silima ta 720. Ba ta cika wuri, ba ta cinye kuɗin intanet, tsohuwar kwamfuta kuma ba ta sarƙewa da ita. In akwai rarar kuɗi, a sayi lasifika mai kyau, don a taro murya ce ke fara ɓacewa.

Telebijin da yawa kuma suna da kafar USB. A zuba silima a kile, a soka, a kalla. Wanda ke da wannan ba sai ya ci bashi ya sayi kwamfuta ba.

Wuta, ƙura da hadari

Inda kuran na NIGELEC ya kai, ƙarfinsa bolt 220 ne, amma yakan hau ya sauka. In an ɗauke wuta, a zare kaya daga bango, kada a mayar sai ta dawo ta daidaita. Mai injin janareta ya bari ya tashi ya natsu kafin ya sa telebijin.

Mai aiki da farantin hasken rana ya yi lissafi. Misali telebijin na cin wat 40, kwamfuta na cin 40, jimla 80. Kallon awa uku ya ci 240. Batir mai bolt 12 da ampa 100 yana riƙe da 1200, amma irin na dalma ba a son a ci fiye da rabinsa, watau 600. Kallon dare ɗaya bai fi ƙarfinsa ba, har a kunna fitila. Wanda ke tatse batir ƙaf kowane dare, ba da jimawa ba zai sayi wani.

Kwamfuta tana shan iska ta ƙasa da gefe. Kada a aza ta bisa katifa, bargo ko rairayi. A aza ta bisa tebur ko allo, balle a zafin watan Afrilu da Mayu. Lokacin hunturu a rufe ta da zane bayan ta huce, don ƙura na toshe mata hanyar iska. Da damina, in hadari ya taso, a zare wayar wuta da ta eriya duka. Tsawa kan bi waya ta ƙone kafar HDMI, wani lokaci har da kwamfutar.

Magidanta kuma su san abin da za a nuna kafin yara su zauna, su kuma sallami 'yan lakkwal da wuri. Kayan nan ba na silima kaɗai ba ne. Malamin gona, ma'aikacin lafiya da malamin yaƙi da jahilci duk suna iya nuna wa mutum talatin abu ɗaya a lokaci ɗaya.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Wanda zai tafi kasuwa ya zana kafofin kayansa a takarda, ko ya ɗauki hotonsu da salula, ya tafi da shi. Matambayi ba ya ɓata.

Wata mai zuwa, in Allah ya yarda, filin zai yi bayani a kan kula da batir na hasken rana.