Ka koma wasan, amma wa ka je nema?



Wani ɗan'uwa ya tare ni bayan sujada da tambaya. Shekara biyar ke nan rabonsa da wasan intanet irin wanda jama'a ke haɗuwa a ciki, kowa da jaruminsa. Yanzu ya sake sauke shi a waya. "Fasto, laifi ne?"

Ba shi kaɗai ba ne. World of Warcraft ya fito a 2004, kuma da kamfanin Blizzard ya dawo da tsohon salonsa a 2019, tsofaffin 'yan wasa sun yi ta jiran layi na sa'o'i kafin su shiga. A ganina abokan da suka raba dare tare suna yaƙar dodo suka je nema. Ɗan'uwan nan ma ya tarar da jaruminsa inda ya bar shi, amma ƙungiyarsu ta watse: wani ya yi aure, wani ya tafi Legas.

Na ce masa ba laifi ba ne, ya buga ya huta. Sai dai an gina irin wasan nan don kada ya ƙare: ladan yau shi ke jawo ka gobe. Jarumi ya jira shekara biyar, amma gonar gero a Gezawa ba ta jiran mako biyu da damina, ciyawa za ta cinye ta. Ka yanke lokaci da kuɗin data tun kafin ka ɗauki waya. In kuwa kewar abokan ce ke damunka, nemi lambarsu ka kira, ka tambayi lafiyar iyali.

Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.