Neman Aikin Kwamfuta A Ƙetare

A 'yan shekarun nan zancen fita ƙetare ya yi yawa a bakin samarin malamai da akawuna. Wanda ya iya koyar da kwamfuta, ko ya iya kula da kwamfutocin ofis, sai ya ga ai in ya sami aikin 'yan sa'o'i a Ingila ko Jamus, to, kakarsa ta yanke saƙa. Neman halal ba laifi ba ne, tafiya kuwa mabuɗin ilmi ce. Amma akwai abin da ya kamata mutum ya sani tun bai ajiye aikinsa ya sayar da gonar gado ba.

Galibin ƙasashen nan ba su ba baƙo biza don ya zo ya yi aikin 'yan sa'o'i kawai. Wanda ya shiga da bizar ziyara ba shi da izinin aiki ko kaɗan. Wanda aka yarje wa irin wannan aiki shi ne ɗalibi, shi ma an ƙayyade masa. A Ingila mai karatun digiri ba ya wuce sa'a 20 a mako muddin ana cikin zangon karatu. A Kanada tun watan Nuwamba na 2024 sa'a 24 ce a wajen makaranta. A Jamus tun watan Maris na 2024 cikakken yini 140 ne a shekara, ko rabin yini 280. Kuma kafin Jamus ta ba da bizar karatu sai ɗalibi ya nuna abin da zai ci na shekara, wanda a 2025 ya kai Yuro 11,904. Watau dai hukumomin nan sun ɗauki aikin a kan ƙari ne, ba shi ne guzurin ba.

Malamin kwamfuta ya ƙara lura da wannan. A Ingila an hana mai bizar karatu aikin kansa. Saboda haka in ya tara 'yan koyo a ɗakinsa yana karɓar lada, ya karya doka, ko da sa'o'insa ba su kai 20 ba, kuma hakan na iya jawo a soke bizarsa. Sai dai wata makaranta ko kamfani su ɗauke shi a rubuce.

Kula da tsarin kwamfutoci kuwa aikin amana ne, kamar na ma'aji a zamanin En'e. A hannun mai shi kalmomin sirri su ke, da takardun albashi, da asirin ma'aikata duka. Na'ura kuma ba ta san dare ba. In ta tsaya da tsakar dare, shi za a tasa. Don haka da wuya a danƙa wa baƙon da ba a san halinsa ba irin wannan aiki na 'yan sa'o'i. Yawanci daga ƙasa ake farawa, wajen amsa kukan ma'aikata da gyaran ƙananan matsaloli, sannan a hau. Abin da ke buɗe ƙofa shi ne takardar shaida wadda duniya ta sani, irin su CompTIA A+, da CCNA ta kamfanin Cisco, da RHCSA ta Red Hat, wadda jarrabawarta ba ta baki ba ce, a gaban na'ura ake zaunar da mutum a ce ya gyara. Karatun waɗannan duka ana iya yinsa a gida, ana riƙe da aiki.

Akwai kuma haɗarin da ya fi asarar kuɗi. A 2023 ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba da rahoto cewa mutum aƙalla 120,000 a Miyanma, da wajen 100,000 a Kambodiya, an tilasta musu damfarar jama'a ta intanet. Da yawansu da alkawarin aikin kwamfuta mai tsoka aka yaudare su, da suka isa aka karɓe fasfo aka tsare su. Cikin waɗanda aka kuɓutar a 2025 har da 'yan Afirka. Duk wanda ya ce ka biya shi kafin ya ba ka aiki, ko ya ce ka taho da bizar ziyara a gyara daga baya, to, ka guje shi.

Shawararmu ga malamai da akawuna ita ce, kada ganin hadari ya sa a yi wanka da kashi. A riƙe aikin da ke hannu, a nemi takardar shaida tukuna, a karanta dokar ƙasar daga ofishin jakadancinta, ba daga bakin dillali ba. Mai niyyar tafiya ya nemi hutun karatu bisa ƙa'ida, don ya bar wa kansa hanyar komowa. Wanda ya fita da sana'a da izini, shi ke dawowa da abin da zai amfani garinsu. Allah Ya sa mu dace, amin.