Fitilar Da Ke Zuwa Tana Komawa: Kada Mu Toshe Bakin Mai Gargaɗi

Wata ranar damina na rage hanya a motar wani abokin aikina daga Dutse zuwa Kiyawa. Mun wuce Shuwarin kaɗan, sai ga wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ta kama a allon gaban direba, mai hoton mota da layuka biyu karkatattu a bayanta. Na nuna masa. Ko kallonta bai yi ba ya ce, "Malam, rabu da ita. Haka take yi, ta zo ta koma. Na kai wa bakanike, ya ce ƙarya take yi." Da muka tsaya ya kashe mota ya sake tayarwa, sai fitilar ta ɓace. Ya dube ni yana murmushi, wai ka gani?

Tun daga ranar nake lura da motocin da nake shiga. Na ga wadda aka liƙa wa baƙin salatif a kan fitilar. Na ji labarin wadda aka buɗe allon aka cire ƙwan ɗungurungum kafin a kai ta kasuwa. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, wannan ɗabi'a kuskure ce mai haɗari, kuma gyaranta ba ya buƙatar dukiya mai yawa. Abin da yake buƙata shi ne irin tunanin da muke koya wa ɗalibai a ɗakin gwaje-gwaje.

Mece ce wannan na'ura?

Sunanta ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Toyota na kiranta VSC, Honda na cewa VSA, Mercedes-Benz da Volkswagen na cewa ESP, BMW na cewa DSC, masu ƙera motocin tsere na Porsche kuwa PSM suke kiranta. Aikin dai ɗaya ne: hana mota ƙwacewa daga hannun direba. Mu kira ta na'urar daidaita mota.

Kamfanin Bosch na ƙasar Jamus tare da Mercedes-Benz ne suka fito da ita kasuwa a shekarar 1995, a bisa harsashin birkin ABS wanda ya fito tun 1978. Da fari sai a manyan motoci masu tsada ake samunta. Abin da ya yaɗa ta wani abin kunya ne. A shekarar 1997 'yan jaridar wata mujallar motoci a ƙasar Suwidin suka gwada sabuwar ƙaramar Mercedes samfurin A-Class, gwajin kauce wa dabbar da ta faɗo hanya ba zato, sai motar ta kife. Kamfanin ya dakatar da sayar da ita, ya yi mata gyare-gyare, ya kuma sa mata wannan na'ura. Daga nan sauran kamfanoni suka bi sahu. Amurka ta wajabta ta ga ƙananan motoci tun daga samfurin 2012, Tarayyar Turai kuma ta wajabta ta ga duk sabuwar mota daga watan Nuwamba na 2014. Binciken cibiyar kamfanonin inshora ta Amurka mai nazarin haɗurran hanya ya nuna cewa na'urar tana rage haɗarin mutuwa da kimanin rabi a irin haɗarin da mota ke yi ita kaɗai, wato ta ƙwace ta faɗa rami ko ta daki bishiya. Da yake mafi yawan motocinmu na hannu ne daga waɗannan ƙasashe, da yawa daga cikin Camry da Corolla da Accord da ke yawo a titunan Dutse suna ɗauke da ita, ko da masu su ba su sani ba.

Yadda take aiki abin sha'awa ne ga ɗalibin kimiyya. Akwai wasu ƙananan na'urorin sansano, waɗanda kanikawa ke kira sensa. Huɗu suna jikin tayoyi, kowace tana ƙirga saurin juyawar tayarta. Ɗaya tana jikin sitiyari, tana faɗin inda direba ya nufa. Wata kuma tana tsakiyar mota, tana auna yadda gangar jikin motar ke juyawa da yadda take zamewa gefe. Duk suna kai rahoto ga wata 'yar kwamfuta, wadda ke kwatanta abu biyu sau da yawa a cikin kowace daƙiƙa: ina direba yake son zuwa, ina kuma motar ta dosa? In amsoshin biyu suka saɓa, sai ta taka birkin taya ɗaya tak, ta kuma rage ƙarfin inji. Idan bayan mota ya fara zamewa a kwana, sai ta kama tayar gaba ta wajen kwanar. Idan kuwa gaban ne ya ƙi bin sitiyari, sai ta kama tayar baya ta cikin kwanar. Babu direban da zai iya wannan, komai gwanintarsa, domin ƙafa ɗaya yake da ita a kan birki, birkin kuma tayoyi huɗu yake kamawa gaba ɗaya.

Ka tuna, mai karatu, da hanyoyinmu. Ruwan farko ya sauka a kan kwaltar da ta sha ƙura da baƙin mai. Yashi ya malalo kan titi daga gefen gona. Akuya ko saniya ta faɗo hanya ranar kasuwar Shuwarin ko ta Gujungu. A irin wannan ƙiftawar ido ne na'urar ke biyan kuɗinta.

Harshen fitilar

Fitilar tana magana iri uku, kuma rashin bambance su ne mafarin ruɗani. In ka murɗa makulli ta kama na 'yan daƙiƙoƙi ta mutu, gwajin kanta take yi, lafiya lau ke nan. In tana ƙyafƙyaftawa a lokacin da kake cikin santsi ko yashi, tana sanar da kai cewa tana kan aiki, sai ka sassauta totur. Amma in ta kama ta tsaya cak, to ko dai an danna maɓallin kashe ta, ko kuma kwamfutar ta sami rahoton da ba ta yarda da shi ba, ta janye hannunta. Ma'anar wannan ita ce, a tsawon lokacin da fitilar ke kunne, ba ka da wannan kariya. In ta ABS ta kama tare da ita, to tayoyi na iya ƙamewa in ka taka birki da ƙarfi. In kuwa jar fitilar birki ce ta biyo baya, tsayawa ya wajaba nan take.

To me ya sa take zuwa tana komawa? Domin cutar ma haka take. Ruwa ba ya tsami banza. Wayar sensar taya na iya gogewa a jikin ƙarfe har ta kusa tsinkewa, sai ta riƙa haɗuwa tana rabuwa duk lokacin da aka faɗa rami ko aka murɗa sitiyari ƙarshe. Soket na iya shan ruwa da damina, ko a wurin wankin mota, ya bushe da rana. Garin ƙarfe da ƙura na iya taruwa a bakin sensar, tunda mafi yawansu da maganaɗisu suke aiki. Boris ɗin taya in ya fara lalacewa yakan sauya tazarar da ke tsakanin sensa da zoben da take karantawa. Ɗan makunnin da ke bayan abin taka birki, wanda ke kunna fitilun baya, shi ma in ya tsufa yakan rikita kwamfutar. Haka nan in an yi wa mota aikin ƙafa ko an daidaita tayoyi ba a sake saita sensar sitiyari ba.

Akwai kuma dalilai biyu da suka fi yawa a wajenmu. Na farko batir. Lafiyayyen batir yana nuna kimanin bolt 12.6 a ma'aunin lantarki in mota na kashe, in tana aiki kuma tsakanin 13.5 da 14.5. Zafin bazararmu yana gajarta rayuwar batir, kuma in ya raunana sai wuta ta faɗi ƙasa sosai a lokacin tayar da inji, kwamfutar ta ɗauka wata babbar matsala ce. Na biyu tayoyi. Mun saba sayen tayar gwanjo ɗaya ɗaya, duk wadda aka samu. Ɗauki taya mai lamba 205/55 R16 da mai lamba 205/60 R16. Dukansu za su hau ƙarfe ɗaya, a ido kuma kamar tagwaye suke. Amma tsayin ta farko kimanin milimita 632 ne, ta biyu kuwa 652. Bambancin ya kai kashi 3 cikin 100. Ke nan a gudun kilomita 100 cikin sa'a, taya ɗaya na rantsuwa cewa gudun ya bambanta da abin da 'yar'uwarta ke faɗa da kusan kilomita uku. Kwamfutar ba ta san an yi ciniki wajen mai faci ba. Abin da ta sani kawai shi ne shaidunta sun saɓa.

Hujjar masu salatif

Ba zan yi musun cewa masu rufe fitilar suna da abin faɗa ba. Suna cewa kayan gyara sun yi tsada, sai an je Ƙofar Ruwa a Kano, kuma ba tabbas a sami na ƙwarai. Suna cewa Golf da fijo sun yi shekaru suna jigila tsakanin Dutse da Kano babu wannan na'ura, ba su fasa isa ba. Wasu kuma sun kashe kuɗi sau uku an canza musu abu uku, fitilar ba ta fasa dawowa ba, har suka gaji.

Maganar tsada gaskiya ce, amma dubi jerin dalilan da na kawo: waya, soket, datti, batir, taya. Mafi yawansu gyaransu bai kai kuɗin cika tanki ba. Abin da ke cinye kuɗi shi ne gyaran cinta, wato a canza wannan a gani, in bai yi ba a canza wancan. Maganar tsofaffin motoci kuwa, waɗanda suka isa gida su ne ke ba da labari. Ban da haka, direban tsohuwar mota ya san abin da yake riƙe da shi. Wanda aka sayar wa mota bayan an cire ƙwan gargaɗi yana tafe ne da amanar abin da ba ya nan. Wannan ya wuce sakaci, ya zama algus.

Yadda mai ilimi ke bin sawun cutar

Matakin farko ba a gareji yake ba, a littafin rubutu yake. Duk lokacin da fitilar ta kama, a rubuta: da safe ne ko da rana, bayan ruwa ne ko bayan wanki, a kwana ne ko a rami, a wane gudu, da wace fitila ta zo. In kullum sai wajen tayarwa da asuba, a tuhumi batir. In sai an miƙe hanya an yi gudu, a dubi tayoyi. In sai an faɗa gargada, a bi wayoyi.

Mataki na biyu, a tambayi motar da kanta. Tun daga 1996 doka ta tilasta wa motocin Amurka samun wata kafa a ƙarƙashin sitiyari da ake kira OBD-II, inda ake jona na'urar bincike. Ko da fitilar ta mutu, kwamfutar takan ajiye lambar laifin. Lambobin da suka fara da harafin P na inji da giya ne, masu C na ƙafa da birki, masu U kuma na sadarwa tsakanin kwamfutocin motar. A lura, ƙananan na'urori masu araha da yawa inji kaɗai suke karantawa, don haka "ba a ga komai ba" ba ya nufin babu komai. Babban laifin da ake yi a nan shi ne goge lambar kafin a rubuta ta. Wannan daidai yake da share sawun ɓarawo kafin masu bin sawu su iso. Sannan lambar ba hukunci ba ce. In ta ce siginar tayar gaba ta hagu ta ɓace, unguwar ta nuna maka, ba gidan ba. Sai a kalli rahoton tayoyin huɗu a na'urar ana tafe a hankali, ko a girgiza wayar da hannu a ga ko zai yanke.

Mataki na uku, a fara da mai sauƙi, a kuma canza abu ɗaya a lokaci ɗaya. Wanda ya canza abu uku rana ɗaya, ko ya dace bai koyi komai ba.

Mataki na ƙarshe shi ne haƙuri, kuma nan ne darasin lissafi yake. A ce fitila kan kama rana ɗaya cikin kowane kwana biyar. Ko ba a taɓa motar ba, yiwuwar ta yi kwana uku shiru ita ce huɗu bisa biyar sau uku a jere, wato 64 bisa 125, sama da rabi ke nan. Saboda haka mai cewa "kwana uku ke nan ba ta dawo ba, gyara ya yi" bai tabbatar da komai ba tukuna. Haka ake yaudarar mutane da maganin da ba ya magani, a mota ko a jikin ɗan Adam.

Kira ga malamai da ɗalibai

Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a watan Agusta na 1991, bakanike mai kunne da sifana ya ishi kowace mota a Dutse. Yau motar ta zama kwamfuta mai tayoyi, kanikawanmu kuwa, duk da basirarsu, ba wanda ya zaunar da yawancinsu ya koya musu karatun lantarki. Laifin ba nasu ba ne su kaɗai. Ina ganin ya kamata Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, da kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha da makarantunmu na sana'a su riƙa shirya gajerun bita cikin harshen Hausa ga masu gareji da yaransu. Malamin kimiyya a sakandare kuma ba sai ya jira kayan aiki daga waje ba. Tsohuwar sensar taya da ma'aunin lantarki sun isa nuna yadda maganaɗisu ke haifar da lantarki. Lambobin jikin taya da zaren awo sun isa darasin da'ira. Ku kuma ɗalibai, in kun shiga motar gida, ku dubi allon, ku tambayi Baba ko Yaya ma'anar kowace fitila.

Shi abokin nawa, da ƙyar na shawo kansa muka fara rubutu. Cikin mako biyu ta bayyana cewa fitilar ba ta kamawa sai an bi hanya mai gargada. Mai wayarin ya bi wayar tayar gaba ta dama, ya tarar da inda ta goge har jan ƙarfen ya fito. Ya gyara, ya ɗaure ta a mazauninta. Muka ba ta wata biyu kafin muka yarda. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya kiyaye mana hanya.