Kufan Pompei da Cinikin Tsoro

A cikin duk hajar da kamfanonin jiragen ruwan shaƙatawa suke sayarwa a Bahar Rum, babu mai ribar tsoro. Ɗaki da abinci an riga an biya kuɗinsu tun daga gida. Da zarar jirgi ya doshi gaɓa, sai a buɗe wani sabon ciniki: ga tikitin rangadin kamfani, ga bas mai sanyi tana jira, ga jagora riƙe da 'yar tuta. A ƙarƙashin tallar kuma akwai gargaɗi cikin lafazi mai taushi, cewa wanda ya bi motar kamfani jirgi zai jira shi ko da ya makara, wanda kuwa ya fita da ƙafarsa ya san inda dare ya yi masa. Wannan gargaɗi shi ne ainihin abin da ake saye. Bas da jagora gyara ne kawai.

Maganar ta shafe mu domin 'yan'uwanmu sun fara hawa waɗannan jirage. Likita da ma'aikacin banki da malamin jami'a, waɗanda a da hutunsu bai wuce Dubai ko Alƙahira ba, yanzu akwai masu tashi daga Basalona ko Jenowa su yi mako guda a kan teku. Sukan tafi da ɗabi'ar da muka saba da ita a tafiye-tafiyenmu, ta miƙa wa eja wuya ya yi komai. Ra'ayina shi ne, a tashoshi irin na Napoli wannan ɗabi'a hasara ce ta kuɗi da ta lokaci, kuma tana hana mutum ganin abin da ya ƙetare teku domin ya gani.

Bari mu ɗauki hanyar daki-daki, don mai karatu ya auna da kansa ko akwai dodo a cikinta. Jiragen shaƙatawa suna tsayawa ne a Stazione Marittima, a tsakiyar birnin Napoli, daf da tsohuwar fadar Castel Nuovo. Daga bakin jirgi zuwa tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Municipio tafiyar ƙafa ce ta kamar minti goma. Ka shiga layi na 1, ka wuce Università da Duomo, ka sauka a Garibaldi, wato tasha ta uku. A nan za ka bi alamar Circumvesuviana, ƙaramin jirgin ƙasa da yake kewaya dutsen Vesuvio, ka hau wanda aka rubuta Sorrento a goshinsa. Yakan tashi duk bayan rabin sa'a ko fiye da haka kaɗan. Bayan kamar minti 40 za ka sauka a tashar Pompei Scavi, kuma ƙofar kufan da ake kira Porta Marina tana nan gabanka, taku kaɗan. Nisan duka kimanin kilomita 25 ne, bai kai Kano zuwa Wudil ba.

Kuɗin jirgin Circumvesuviana Yuro uku ne da ɗoriya, na ƙarƙashin ƙasa bai kai Yuro biyu ba, na shiga kufai kuma kusan Yuro 20. Zuwa da dawowa da shiga, abin yana tsayawa wajen Yuro 30 ga mutum ɗaya. Sai ka buɗe shafin kamfanin jirginka ka duba abin da yake nema a kan wannan tafiya ɗaya: ninki biyu, ninki uku, wani lokaci har fiye. Ka lissafa da uwargida da yara biyu, ka mayar da rarar zuwa Naira ko Sefa, sannan ka tambayi kanka me aka ba ka a madadinta.

Abin da akan ba ka shi ne kamar sa'a biyu a cikin kufai, kana bin bayan tuta cikin ayarin mutum talatin ko arba'in. Sauran lokacin yana tafiya ne wajen tattara mutane, da jiran wanda ya shiga banɗaki, da cunkoson hanya, da kuma tsayawar nan da ba a cika fashinta ba a shagon masu sassaƙa kayan ado na murjani da ƙwanson teku. Sana'ar ta gaske ce, garin Torre del Greco ya shahara da ita, amma kowane ɗan kasuwa a Kantin Kwari ya san abin da ake nufi idan dillali ya dage sai an biya ta wani shago. La'ada ce, kuma da lokacinka aka biya ta.

Sa'a biyu a Pompei wasa ne. Gari ne cikakke mai faɗin hekta 66, an tono kusan kashi biyu cikin uku nasa. Dutsen Vesuvio ya yi aman wuta a shekara ta 79 Miladiyya, toka da duwatsu suka binne garin, ya zauna a rufe har aka fara tono shi a 1748. Darajar wurin ita ce toka ta adana rayuwar mutane ta yau da gobe, abin da fadoji da gumaka ba sa iya nunawa. Akwai gidajen burodi da duwatsun niƙansu da tandunansu. Akwai gomman shagunan sayar da dafaffen abinci, masu kanta da aka huda ramuka a jikinta don ajiye tuluna, kwatankwacin teburin mai shayi a bakin titi. Akwai gidan wanki na wani mai suna Stephanus, inda ake amfani da fitsari wajen fitar da dauɗar tufafi. A jikin bangaye har yau ana karanta tallar 'yan takara da jan fenti, ana roƙon jama'a ƙuri'a. A tsakiyar tituna ga manyan duwatsun tsallakawa, ga zanen da ƙafafun amalanke suka ci a jikin dutse. A can ƙarshen gari akwai dandalin wasa da aka gina wajen shekara ta 70 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), mai ɗaukar mutum kusan 20,000, inda 'yan kallo na Pompei da na garin Nuceria suka gwabza faɗa a shekara ta 59, har hukuma ta rufe wasanni na shekara goma. Dandalin yana da nisa daga Porta Marina, shi ya sa ayari mai gaggawa yakan bar shi a baya. Sai kuma siffofin mamatan. A 1863 Giuseppe Fiorelli ya gano cewa gawawwakin da suka ruɓe sun bar gurbinsu a cikin sandararriyar toka, ya riƙa ɗura ruwan filasta a ciki, sai ga mutum ya fito yadda ajali ya same shi, wani a duƙe, wani ya rufe fuska. Irin wannan wuri yana bukatar mutum ya tsaya shiru ya yi tunanin ƙarshensa, kuma ba a yin haka jagora yana duba agogo.

Masu kare rangadin kamfani suna da hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba. Na farko, sun ce jirgin Circumvesuviana tsoho ne, cunkusasshe, mai zafi, mai makara. Gaskiya ne. Ƙungiyar kare muhalli ta Legambiente ta sha sanya shi cikin layuka mafi lalacewa a Italiya a rahotonta na shekara-shekara. Amma da shi ɗalibai da leburori da masu aikin otel na yankin suke zuwa aiki kullum, suna kuma dawowa gida. Mai son samun wurin zama sai ya hau daga Porta Nolana, inda jirgin yake farawa, tasha ɗaya kafin Garibaldi. Idan layin ya tsaya cak, akwai jirgin Trenitalia mai bin hanyar Salerno, yana tsayawa a cikin sabon garin Pompei, tafiyar kamar kwata ta sa'a daga ƙofar dandalin wasa. Hanya biyu ke nan, ban da tasi.

Na biyu, 'yan sane. Suna nan, babu musu. Sai dai abin mamaki ne mutumin da ya girma yana ratsa Sabon Gari da tashar Kwanar Dawaki, ko kasuwar Katako ta Yamai, a ce sai a Turai ne zai manta yadda ake riƙe jaka. Waya a aljihun gaba, jaka a ƙirji, kuɗi kaɗan a hannu.

Na uku, yajin aiki. Italiyawa suna yinsa, amma dokar ƙasar ta 1990 ta wajabta sanarwa kwana goma kafin a tsunduma, ana wallafa jadawalin a intanet, kuma akwai sa'o'in safe da na yamma da dole jirage su yi aiki. Abin da aka sanar kwana goma tun da wuri ba ya yi wa mai lura ba-zata.

Hujja ta huɗu ita ce mai nauyi, kuma ta fi mana nauyi fiye da Bature. Idan jirgi ya tashi ya bar ɗan Jamus, katin shaidarsa ya ishe shi ya bi bayansa. Mai fasfon Najeriya ko Nijar yana tafiya ne a kan biza mai sharuɗɗa, wani lokaci ma fasfon yana hannun ma'aikatan jirgi. In tasha ta gaba a wata ƙasa take, musamman wajen yankin Shengen, makarar minti goma za ta iya zama wahalar kwanaki. Ban raina wannan ba. Amma maganinsa lissafi ne. A ce jirgi ya tsaya ƙarfe takwas na safe zai tashi shida na yamma. Yawanci akan rufe shiga rabin sa'a kafin tashi. Wanda ya fita takwas da rabi yana ƙofar kufai kafin goma. Ya yi sa'a huɗu cur a ciki, ya fito ƙarfe biyu, kafin uku da rabi yana bakin teku, da sauran sa'a biyu a hannunsa. A cikin wannan rara jirgin ƙasa zai iya makara, a soke na bayansa, mutum ya hau wanda ba nasa ba ya dawo, kuma duk da haka ya iso. Sai ya haɗa da abu uku: ya saita agogonsa da na jirgin ruwa, ya riƙe lambar wakilin jirgin a tashar wadda ake bugawa a takardar shirin kowace rana, ya kuma san inda fasfonsa yake kafin ya sauka. Tikitin shiga ma gara a saye shi ta intanet, domin tun Nuwamba 2024 an ƙayyade masu shiga Pompei zuwa 20,000 a rana, kowane tikiti da sunan mai shi.

Akwai waɗanda bas ɗin kamfani ita ce daidai da su: dattijo mai ciwon gwiwa, mai juna biyu, mai goyo, da wanda jirginsa zai tsaya sa'a huɗu ko biyar kacal. Shi ma wannan na ƙarshe yana da zaɓi, domin kufan Ercolano, wanda ya fi Pompei ƙanƙanta kuma gidajensa suka fi tsira, yana kan layi ɗaya, kamar minti 20 daga Garibaldi. Waɗanda nake jayayya da su su ne masu ƙarfi a jika, masu waya a hannu da Turanci a baki, waɗanda ba tsoron makara ne kaɗai ya hana su ba.

A nan ne maganar take da ɗaci. A wajen da yawa daga cikin 'yan bokonmu, motar haya alama ce ta wanda bai samu ba. Mutum ya yi shekaru yana fafutukar fita daga layin masu jiran A Daidaita Sahu, to yaya za a ce ya biya kuɗin teku sannan ya tsaya a dandamali tare da masu goge-goge? Wannan kunya ta gida ce, mun ɗauko ta a jaka mun kai inda ba a san ta ba. Kamfani kuwa ya gane ta, ya yi mata farashi. Sakamakon shi ne mutum ya je duba yadda talakawan Rum suka rayu shekara kusan dubu biyu da suka wuce, amma ya biya kuɗi don kada kafaɗarsa ta gogi ta jikokinsu. Ya dawo da hotuna, bai ji yadda mutanen Napoli suke magana ba, bai sayi ko ruwan sha a hannun ɗan gari ba, bai kuma san cewa a tashar Municipio ɗin da ya ƙi shiga an tono jiragen ruwan Rumawa na tsohuwar tashar birnin lokacin da ake haƙa ta ba.

Napoli misali ne kawai. Daga tashar Firiyas ta Girka, layi na 1 da aka buɗe tun 1869 yana kai mutum Monastiraki, a gindin tsaunin Akrofolis, cikin kamar minti 20. Daga Kuşadası ta Turkiyya ƙananan bas na haya masu zuwa Selçuk suna ajiye fasinja a mararrabar kufan Afisa. A La Goulette ta Tunisiya akwai layin dogo na TGM mai ratsa unguwannin Kartaj. Tsoffin biranen nan a bakin teku ko kusa da shi aka gina su, mutane kuma ba su daina zama a kewayensu ba, don haka hanyar haya tana nan tun kafin a ƙera jirgin shaƙatawa na farko.

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Kakanninmu fatake sun kai Gwanja da Turabulus da ƙafa da tambaya, alhazan da kuma suka ratsa Chadi da Sudan zuwa Sawakin ba tare da jagora mai tuta ba. Tasha uku a ƙarƙashin ƙasa da minti 40 a jirgin Sorrento bai kamata su gagari jikokinsu ba. Daren da jirgi zai kwana yana dosar Napoli, kafin ka miƙa katinka a teburin rangadi, ka duba lokacin tashi, ka cire sa'a biyu, ka rubuta sunayen tashoshi uku a takarda: Municipio, Garibaldi, Pompei Scavi.