Musayar Ɗalibai: Darasin da ke Cikin Shirin Erasmus

A farkon shekarar 2025 hukumar TETFund mai tallafa wa manyan makarantu a Najeriya ta dakatar da ɗaukar nauyin malaman jami'a zuwa karatu ƙasashen waje. Dalilai biyu ta bayar: tsadar canjin kuɗi, da yadda wasu waɗanda aka tura ke maƙalewa can su ƙi dawowa. Duka biyun gaskiya ne. Sai dai matsalar tana tattare da salon turawar ne, domin wanda aka tura ya yi shekara uku ko huɗu a wata ƙasa, ya karɓi digirinta, ya saba da albashinta, 'ya'yansa suka shiga makarantunta, an riga an ba shi duk abin da zai hana shi waiwayen gida. Akwai wata hanyar, wadda Turai ta shafe kusan shekara 40 tana bi, wato musaya ta ɗan lokaci.

Shirin Erasmus ya fara ne a 1987 da ɗalibai 3,244 daga ƙasashe 11. Yau miliyoyin mutane sun ci gajiyarsa, kasafinsa na 2021 zuwa 2027 kuma ya haura Yuro biliyan 26. Mai jin wannan adadi zai ce kuɗi ne ya tsayar da shirin, amma tushensa takarda ce. Wata 'yar Italiya, Sofia Corradi, ta yi karatun shari'a a Jami'ar Columbia ta Amurka, ta dawo Roma a 1958 ta nemi a lissafa mata darussan da ta ci, aka ƙi, sai da ta sake zama jarrabawa. Ta shafe shekaru tana fafutukar kada a sake yi wa wani haka, shi ya sa Turawa ke yi mata laƙabi da uwar Erasmus. Abin da aka cimma shi ne, kafin ɗalibi ya ɗauki jaka, shi da jami'arsa da jami'ar da za ta karɓe shi sai sun sa hannu a yarjejeniya guda: ga darussan da zai ɗauka, ga waɗanda za su maye gurbinsu a gida, ga makin da za a rubuta masa. Zangon karatu maki 30 ne, shekara maki 60, ko a Lisbon ko a Warsaw. Ɗalibin ba ya biyan kuɗin makaranta a inda ya baƙunta. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma Turawan nan sun kiyaye wannan.

To me zai hana irin wannan ɗalibi gudu? Amsar a fili take. Zaman ba ya wuce wata 12, digirin kuma yana hannun jami'ar gida, wanda ya maƙale ya tashi a tutar babu. Malamai ma haka: ziyarar koyarwa daga kwana biyu ce zuwa wata biyu. Malami ya je ya ga yadda ake tafiyar da ɗakin gwaje-gwaje, ya ƙulla zumuncin bincike, ya dawo ajinsa kafin ɗalibansa su manta fuskarsa.

Wasu za su ce ai wannan yawon buɗe ido ne na 'ya'yan masu hali. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin ko a Turai tallafin da ake bayarwa ba ya ɗauke kuɗin haya da abinci gaba ɗaya a manyan birane, ɗan talaka kuma shi ya fi ja da baya. Maganin wannan shi ne ƙara wa marasa ƙarfi kaso, abin da shirin ke yi yanzu. Wasu kuma za su ce ina muka ga kuɗin Turai? A nan ne ake mantuwa cewa Erasmus da maƙwabta ya fara. Ɗalibin aikin gona a Katsina da takwaransa na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi ƙasa iri ɗaya suke nazari, gero ɗaya, fari ɗaya, tafiyar kuma ta mota ce. Wannan yana karatu da Turanci, wancan da Faransanci, amma Hausa ta haɗa su tun kafin su shiga aji. Haka tsakanin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da ta Abdou Moumouni ta Yamai.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na jadawalin karatu, kuma ba ni da hanyar kauce masa. Musaya bayarwa ce da karɓa. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU na 2022 ya ɗauki wata takwas, babu kuma jami'ar da za ta turo ɗalibanta inda ba a san ranar jarrabawa ba. Muddin ba a daidaita wannan ba, yarjejeniyoyin da shugabannin jami'o'i ke rattaba wa hannu suna ɗaukar hoto za su ci gaba da kwana a durowa.

Tun 2014 ƙasashen Afirka suka amince da yarjejeniyar Addis Ababa kan mutunta takardun karatun juna, saboda haka ba daga sifili za a fara ba. Kira ga hukumar kula da jami'o'i ta NUC da majalisun jami'o'inmu: a fitar da ƙa'ida rubutacciya cewa darasin da ɗalibi ya ci a jami'ar da aka ƙulla musaya da ita za a lissafa masa shi a gida, sannan TETFund ta ware wani kaso na kuɗin da ta daina kashewa a waje domin ziyarar zango guda. Mu kwana nan.