Muhasabar Mai Koyon Shaɗaranji Idan Shekara Ta Kewayo

Kamar yadda attajiri mai tsoron Allah yakan keɓe yini guda idan shekara ta kewayo wa dukiyarsa, ya rufe ƙofar rumfa, ya buɗe littafi, ya ƙidaya hajar da ta rage da bashin da yake bin mutane da wanda ake bin sa, domin ya san ko abin ya kai nisabi, haka nan na ga masu koyon shaɗaranji sun ɗauki al'adar zama a ƙarshen kowace shekara su yi wa kansu hisabi, su duba inda suka tashi da inda suka sauka, kana su ƙulla niyyar abin da za su cim ma a shekara mai kamawa. Al'ada ce mai kyau, ni ma ina cikin masu yin ta, amma na daɗe ina zargin cewa mudun da galibinmu muke awo da shi ba na kirki ba ne, abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Ga wanda bai san wasan ba, shaɗaranji shi ne darar nan mai gida 64, fari da baƙi, wadda Turawa ke kira ces, inda kowane ɓangare yake da 'ya'ya 16, watau sarki da sarauniya, da giwaye biyu, da dawaki biyu, da hasumiya biyu, da dakaru takwas. Ya bambanta da tamu darar ta gargajiya mai gida 30 da 'ya'ya goma sha biyu-biyu, wadda ake jera uku a ci ɗaya. Asalinsa daga ƙasar Indiya ne wajen ƙarni na 6 na Miladiyya, ya ratsa Farisa ya shiga hannun Larabawa, har aka yi gwanayensa a Bagadaza zamanin Abbasiyawa, irin su al-Adli da Abubakar as-Suli, waɗanda suka wallafa littattafai a kansa tun Turai ba ta san shi sosai ba. Sai a ƙarshen ƙarni na 15, a ƙasar Sifen, aka sauya wazirin wasan mai takun gida ɗaya ya zama sarauniyar da ke keta allo daga wannan kusurwa zuwa waccan.

To, ni dai da girmana na koye shi, bayan furfura ta fara leƙowa, kuma a farkon shekarar da ta shige na rubuta a bangon littafina, da babban baƙi, cewa zan ƙara maki 200 a kan makina kafin ta ƙare. Da ta ƙare na duba, sai na tarar ina nan kusa da inda na tashi, alhali kuwa babu wani dare da ban raba ina dangwalar waya ba. Na hau a damina har na fara jin kaina, na gangaro da kaka, na yi fushi, na yi ta bugawa domin in fanshe, kowane bugu kuma yana ƙara nutsar da ni, har dara ta ci gida.

Ya kamata a san mene ne wannan maki da muka ɗauka tamkar mizanin ranar hisabi. Wani malamin kimiyya ne mai suna Arpad Elo, haifaffen Hangari mazaunin Amurka, ya tsara lissafinsa. Hukumar wasan ta Amurka ta karɓe shi a 1960, hukumar duniya kuwa, wadda ake kira FIDE, ta bi sahu a 1970. Abin da lissafin yake faɗa ba shi da yawa: idan ka fi abokin karawarka da maki 200, ana sa ran a cikin wasa huɗu za ka kwashe wajen uku, idan kuwa makinku ɗaya ne, to sai ku raba daidai. Ashe ke nan ba ilimin da ke cikin ƙirjinka yake aunawa ba, sakamakonka yake gwadawa da na jama'ar da kake bugawa a cikinta, shi ya sa mutum ɗaya yakan sami lamba dabam a shafin Lichess, wata dabam a shafin Chess.com, wata kuma dabam a littafin FIDE, alhali shi ne dai da kansa da hularsa. Kuma ga wani abu da ya auku wanda ya isa hujja: a watan Maris na 2024 hukumar FIDE ta gyara lissafinta, ta ƙara wa duk wanda bai kai 2000 ba wani kaso, har mai 1500 ya kwanta barci ya wayi gari da 1700. Maki 200 ɗin nan da na kashe shekara ina nema da jan ido, wasu sun same su a kan tabarma, ba tare da sun ƙaru da sanin ko takun doki ɗaya ba.

Malamai sun karantar da mu cewa ana ƙulla niyya ne a kan aikin da ke cikin ikon bawa, sakamako kuwa ba a hannunsa yake ba. Manomi mai hankali ba ya rantsuwa cewa bana sai ya sami dami ɗari, domin ruwa da fara ba su san rantsuwarsa ba. Abin da yake iya ɗaukar wa kansa alkawari shi ne ya kai taki da bazara, ya yi shuka a kan kari, ya yi noman fari da maimai. Ra'ayina ke nan game da mai koyon shaɗaranji, cewa lamba ba ta cancanci a ƙulla niyya a kanta ba, kuma duk wanda ya yi haka ya sa wa kansa tarko, domin tsoron zubewar maki zai sa ya guji masu ƙarfi da za su koya masa, ya riƙa farautar raunana, ko kuwa ya faɗa cikin wasan gaggawa na minti uku-uku yana neman riba da yawan ciniki.

Abin da ya cece ni a wannan muhasaba shi ne wasannin da na yi da mutane ido da ido, a kan allon katako, waɗanda na rubuta takunsu ɗaya bayan ɗaya. Da na zauna na bi waɗanda aka cinye ni a cikinsu, abin da ba shi da daɗi ko kaɗan, domin laifi tudu ne, sai na ga wata gaskiya mai kunyatarwa. Na kasance ina gaya wa abokaina cewa abin da ke kayar da ni shi ne rashin sanin sababbin hanyoyin buɗe wasa, na sayi littafi, na haddace taku goma sha biyar na wani buɗi da manya ke yi, amma littafin hannuna ya ba da shaida a kaina cewa ba a taɓa cinye ni saboda buɗi ba. Doki nakan ajiye a gidan da dakare zai cinye shi a banza. Ko in hango sarauniyar abokin karawa in yi kwaɗayinta, in manta sarkina yana bayan dakaru uku babu kafar fita. Ko kuwa in kai ƙarshen wasa da rinjayen dakare ɗaya, in rasa yadda ake raka shi gidan ƙarshe, a tashi kunnen doki. Waɗannan su ne cututtukan, kuma ko ɗaya ba a ambata shi ba a cikin niyyar da na rubuta da babban baƙi.

Masana sun binciki wannan al'amari tun da daɗewa. Wani Baholande mai suna Adriaan de Groot, a littafinsa na 1946, ya nuna cewa gwani bai cika fin matsakaicin ɗan wasa zurfin lissafin taku ba kamar yadda ake zato, abin da ya fi shi da shi shi ne ganewa, watau da ya ɗora ido a kan allo na 'yan daƙiƙu zai iya maido da 'ya'yan kusan duka a gurabensu. Daga baya, a 1973, William Chase da Herbert Simon suka maimaita gwajin, amma suka watsa 'ya'yan barkatai yadda ba za su taɓa zama a wasa na gaskiya ba, sai fifikon gwanin ya kusa ɓacewa. Ma'ana, gwaninta taskar siffofi ce da ido ya saba da su, kamar yadda gardi ba ya bin harafi ɗaya-ɗaya idan yana duba allon almajiri, da kallo ɗaya ya ga inda aka yi gyara. Kuma wani abin sha'awa, mutanen Bagadaza sun riga kowa sanin maganin, domin littattafansu cike suke da abin da suke kira mansuba, watau a dasa 'ya'ya a wani hali a ce wa ɗalibi nemo hanyar kashe sarki. Abin da ake tallatawa yau a waya da sunan sabuwar dabara, as-Suli ya fi shekara dubu da yin sa.

Haka kuma Capablanca, mutumin Kyuba da ya zama zakaran duniya a 1921, ya kasance yana fara koyarwa daga ƙarshen wasa, lokacin da allo ya yi fayau saura sarki da hasumiya da 'yan dakaru, domin a nan ne ake gane halin kowane ɗa shi kaɗai. Mu kuwa muka juya al'amarin, muka fara da rufin ɗaki ba a haƙa tushe ba.

Game da kwamfuta kuwa, wadda tun 1997 ta kayar da babban gwani Kasparov, wadda kuma yanzu kowane yaro yake ɗauke da irinta a aljihu da sunan Stockfish, ni ban ce a ƙaurace mata ba, amma akwai ladabin amfani da ita. Ɗalibin da ya buɗe sharhi tun bai wahala da matani ba, zai ji kamar ya fahimta, gobe a tambaye shi ya yi tsuru-tsuru. Gwanin nan Botvinnik, wanda makarantarsa ta yaye gwanaye irin su Karpov da Kasparov da Kramnik, ya nace a kan mutum ya yi wa wasanninsa ta'aliki da hannunsa. Ni kuwa da an gama wasa sai in danna, na'ura ta nuna mini jan baƙi a inda na kuskure, in gyaɗa kai, in shiga wani wasan, kuskuren kuma ya biyo ni da ƙafarsa.

Na san akwai mai cewa, ai lamba shaida ce adila, ba ta san sabo ba, ba ta karɓar toshiya, kuma wanda ya ƙi kallonta yana neman mafakar lalaci ne kawai. Wannan magana akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, ban kuwa ce a jefar da lamba ba. A dube ta sau ɗaya ko sau biyu a shekara kamar yadda ake auna hatsi bayan sussuka, domin idan shekara biyu ta wuce ana aiki ba ta motsa ba, lalle akwai abin gyara a cikin aikin. Abin da na ƙi shi ne a mai da shaida alƙali, a riƙa gurfana gabansa kowane dare. Kuma magidanci mai iyali da neman abinci bai kamata ya gwada kansa da Gukesh ba, yaron Indiya da ya ci kambun duniya a Disamba 2024 yana ɗan shekara 18, wanda ba shi da wata sana'a tun ƙuruciya sai wannan. Ko babban gwani Magnus Carlsen, wanda ya kai maki 2882 a 2014, bai sake wuce wannan tudu ba, balle mu 'yan rakiya.

Akwai wani babi na muhasabar da ba zan tsallake ba, ko da yake ni ba mufti ba ne. Duk wanda ya karanta Risala har ƙarshe ya san cewa malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun tsananta a kan wannan wasa, Shafi'awa kuwa suka sassauta bisa sharaɗin kada a sa caca, kada ya jawo alfasha, kada kuma ya shagaltar da mutum daga salla. Hukunci na malamai ne, kowa ya tambayi nasa. Amma zan yi iƙirari cewa abin da magabata suka ji wa tsoro na gan shi da idona a cikin wasan gaggawa na waya, wanda ba ya ƙarewa, ana gama ɗaya wani ya buɗe, har mutum ya ji kiran assalatu yana cewa saura ɗaya. Hisabin shekara da ya ƙidaya makin da aka samu bai ƙidaya sa'o'in da aka ƙona ba, littafin ɗan kasuwa ne da aka yage shafin bashi.

Saboda haka bana na goge lamba daga bangon littafi. Na rubuta cewa, in Allah ya ba da rai da lafiya, zan buga wasa ɗaya mai tsawo a kowane mako, da agogo, da mutum mai numfashi, wanda ya fi ni in son samu ne. Ba zan shiga wani ba sai na zauna na rubuta abin da nake tunani a kowane taku na wanda ya wuce, sa'an nan in tambayi na'ura. Zan warware mansuba kaɗan kowace safiya bayan na karya kumallo, a kan allo, ba tare da taɓa 'ya'ya ba sai na ga ƙarshenta a zuci. Kuma kafin damina ta faɗi ina so in iya ƙarshen wasa na hasumiya da dakare, musamman tsaron nan da ake jingina wa Philidor, Bafaranshen ƙarni na 18, yadda ko an tashe ni daga barci ba zan ɓata ba. Wasan waya bayan lisha kuwa na yi masa saki, ko da yake uwargida ta ce ta ji irin wannan a bara, za ta gani.

Wasan farko na wannan shekara na riga na buga shi ranar Asabar da ta wuce, da wani dattijo malamin lissafi mai ritaya wanda ba shi da lamba ko ɗaya a duniya, bai ma san yadda ake samunta ba. Ya cinye ni a taku na 41, da dakare ɗaya tak, yana tauna goro. Takardar tana nan a kan tebur, na kai taku na 23, inda na musanya giwata da dokinsa, kuma har yanzu ban gano abin da ya kai ni ba.