Kilomita 140 Tsakanin Katsina da Kano, da Abin da Suke Koya wa Masu Tsara Sufuri

Idan aka ja miƙaƙƙen layi daga filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina zuwa na Malam Aminu Kano, za a samu tazarar kimanin kilomita 140. Hanyar mota kuwa, wadda ta ratsa Charanci da Kankiya da Tsanyawa da Bichi, ta kai kusan kilomita 170. Wannan ƙididdiga ce ya kamata ta zama ma'auni duk lokacin da aka taso da batun ciyar da filin jirgin Katsina gaba.

Jirgin fasinja zai ƙare wannan tazara cikin ƙasa da rabin sa'a, amma ba a nan lissafin yake ƙarewa ba. Matafiyi sai ya isa fili sa'a guda kafin tashi, a bincike shi, a auna kayansa, in ya sauka kuma ya jira jaka, sannan ya nemi motar shiga gari. Kafin ya kammala, wanda ya hau mota daga tasha ya kusa isa Kano, da kuɗin da bai taka kara ya karya ba.

Kamfanin jirgi ma ba ya samun riba a gajeriyar tafiya. Lokacin tashi da haurawa sama ne injin ya fi shan mai, kuma kuɗin sauka da na duba lafiyar jirgi suna nan daram ko tafiyar ta yi tsawo ko ta gajarce. Idan aka raba wannan ɗawainiya a kan kilomita 140 kacal, tikiti sai ya fi ƙarfin ɗan kasuwar da ke zuwa Kantin Kwari saro kaya. Ko a Faransa, a 2023 doka ta hana wasu gajerun zirga-zirgar jiragen cikin gida a inda jirgin ƙasa ke iya kai mutum cikin sa'a biyu da rabi.

Amfanin filin Katsina yana ga tafiya mai nisa. Tsakaninsa da na Abuja akwai kimanin kilomita 445, tafiyar kusan sa'a ɗaya a sama, alhali a mota yini ne guda, ga fargabar 'yan bindiga a wasu sassan hanya. Haka nan jigilar alhazai kai-tsaye zuwa Saudiyya tana hutar da tsofaffi wahalar zuwa Kano. Nan ne ya dace a zuba dukiya: jiragen Abuja masu kiyaye lokaci, da na'urorin sauka da za su rage soke tashi idan hazon hunturu ya rufe gari.

Abin da zai haɗa Katsina da Kano kuwa yana ƙasa. Layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Shi da tagwayen hanyar Kano zuwa Katsina su ne za su ɗauki manomi da ɗalibi da majinyaci, kuma su za su kai Bakatsine filin jirgin Kano cikin sauƙi idan tafiyarsa ta ƙetare ce. Wakilan jihar a Majalisar Tarayya, a kan waɗannan biyun ya kamata su matsa lamba.